Sharhi Kan Mitar Maganaɗisu Da Aka Ɗaura Mana A Bututun Ruwa

Masana'antar da nake kula da sashen ruwanta ta daɗe tana auna yawan ruwan da ke wucewa da mita mai farfela, wadda ruwa ke juyawa a cikin bututu, har yashi da tsatsa suka cinye ta, lissafinta ya daina dacewa da abin da ke shiga tanki. Wannan ya sa muka sayi mitar maganaɗisu, muka ɗauki wani kamfani ya ɗaura mana ita a babban bututunmu mai faɗin milimita 100. Yanzu da ta kwana biyu tana aiki, ina ganin na'urar ta cika alkawari, sai dai kaso mai tsoka na yabon ya tafi ga waɗanda suka ɗaura ta.

Babu abin da ke motsi a cikin irin wannan mita. Tana aiki ne bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, cewa idan abu mai ɗaukar lantarki, kamar ruwan da ke cikin bututunmu, ya ratsa ta gaban maganaɗisu, ana samun ɗan ƙarfin lantarki gwargwadon saurinsa, kuma wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke jikin bututun su ne ke ɗauko wannan ƙarfi. Saboda haka mai son auna fetur ko dizal ya nemi wata daban, domin waɗannan ba sa ɗaukar lantarki.

Abin da ya fi burge ni shi ne injiniyan da ya jagoranci aikin ya ƙi mayar da sabuwar mitar a gurbin tsohuwar, duk da cewa hakan ya fi musu sauƙi. Gurbin yana dab da gwiwar bututu, inda ruwa ke fitowa a hargitse, kuma yana can sama inda iska ke taruwa. Ya nemi miƙaƙƙen bututu mai tsawon faɗinsa sau biyar kafin mita, wato milimita 500, da sau biyu bayanta, sannan ya zaɓi sashen da ruwa ke hawa sama, domin a nan bututu ba ya rabuwa da cika. Bawul ɗin rage ruwa kuwa ya mayar da shi bayan mitar. Da yake wani yanki na layin na roba ne, sun sa zobban ƙarfe a ɓangarorin biyu suka haɗa su da wayar ƙasa. Na tsaya ina kallo lokacin da mai ɗaure notuna ya haska tocila cikin mahaɗar, ya ga gefen robar toshe yoyo ya ɗan leƙo cikin hanyar ruwa, ya kwance komai ya daidaita ta, sannan ya sake ɗaurewa, noti ɗaya nan, ɗaya a kishiyarsa.

Da aka zo gwaji, mun cika tankin da muka san yawan abin da yake ci, kuma bambancin bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari da takardar na'urar ta ambata ba.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen miƙa aiki. Ba su kunna tsarin da ke gane cewa bututu ya zama fanko ba, don haka ranar da aka zubar da ruwan layin domin gyara, mitar ta riƙa nuna lambobi marasa kan gado, har ta ƙara su cikin jimilla. Wayar da ke kai saƙon karatun mitar zuwa ɗakin sarrafawa ma sun bi da ita kusa da wayar injin famfo, karatun ya riƙa rawa duk lokacin da injin ya tashi. Sun dawo sun gyara duka biyun ba tare da gardama ba, amma horon da suka ba ma'aikatanmu na gaggawa ne, har yanzu sai mun buɗe littafin na'urar kafin mu sauya ko da ma'aunin da allon ke nunawa. Zan sake ba su aiki, da sharaɗin a rubuta horon da gwajin ƙarshe cikin yarjejeniya.