Sharhi kan hidimar shirya tauraron ɗan Adam a cibiyar harba roka ta Kourou

Duk hukuma ko kamfanin da ya ɗauki tauraronsa na ɗan Adam ya kai shi cibiyar harba roka ta Kourou, wadda take a Guyana ta Faransa a Kudancin Amurka, a gaɓar tekun Atlantika, mafi yawan abin da yake biyan kuɗi a kansa yana faruwa ne a makonnin da suka gabaci ranar harbawa, a cikin rufaffun ɗakuna inda ba a ganin wuta ko hayaƙi. A kan waɗannan makonni nake so in auna cibiyar, kuma hukuncina shi ne a wajen kula da kaya da kai shi daidai inda aka nufa samun kamarta sai an tona, amma a wajen cika alkawarin lokaci tana da rauni.

Wurin kansa ba ya buƙatar dogon yabo. Faransa ta zaɓe shi a 1964 saboda yana kusan digiri 5 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda jujjuyawar duniya take ba roka gudun kusan mita 460 a daƙiƙa kyauta idan ta nufi gabas, kuma gabas ɗin teku ne fetal. Hukumar sararin samaniyar Faransa, CNES, ce take kula da filin, kamfanin Arianespace kuma shi yake ƙulla ciniki da masu taurarin da za a harba da rokokin Ariane.

Misalin da ya fi nuna ingancin aikin shi ne na'urar hangen nesa ta sararin samaniya mai suna James Webb. Ta iso tashar ruwa ta Pariacabo a ranar 12 ga Oktoban 2021 cikin jirgin ruwa, bayan ta taso daga Kalifoniya ta ratsa mashigin Panama a rufe cikin akwati na musamman. Daga nan aka wuce da ita ɗakin da ake tace iskarsa dare da rana, inda ba mai shiga sai ya rufe gashinsa da takalmansa da hannuwansa, domin ƙwayar ƙura ɗaya ko silin gashi a kan madubi yana iya rage ingancin hoton da aka shekara da shekaru ana jira. A irin wannan ɗaki ake sake gwada kowace waya da kowane batir, ko da an riga an gwada su a masana'anta, saboda ba wanda ya san abin da girgizar hanya ta kwance.

Sai kuma ɗura mai, wanda a ganina shi ne sashen da ya fi cancantar a jinjina wa ma'aikatan. Man da taurari da yawa suke amfani da shi, wato haidirazin, guba ne mai kisa, saboda haka ana fitar da kowa daga ginin sai 'yan ƙalilan da za su yi aikin, su ma a cikin rigar da ta rufe su ruf daga kai har ƙafa, suna shaƙar iskar da ba ta haɗu da ta ɗakin ba. A haka suke ɗaura bututu, su buɗe famfo a hankali, su tsaya suna duban ma'auni, ana yi musu magana ta rediyo daga wani ɗaki. Na Webb ya ɗauki kimanin kwana goma.

Abin da ya fi burge ni ya faru ne kafin wannan, a watan Nuwamba. Ana shirin ɗora na'urar a kan mazaunin da zai haɗa ta da roka, sai ɗamarar ƙarfen da take riƙe su ta kwance ba zato, girgiza ta ratsa jikin na'urar. Kuskure ne, kuma a hannun masu hidimar ya faru, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sai dai an sanar da duniya, an dakatar da komai, an sake gwaje-gwaje, aka ɗage ranar harbawa daga 18 zuwa 22 ga Disamba. Wata matsalar sadarwa tsakanin na'urar da roka, sannan iska mai ƙarfi a sama, suka ƙara tura ta zuwa 25 ga wata. Da rokar Ariane 5 ta tashi da ita, ta saki na'urar daidai ƙwarai har man da aka tanada don gyara hanya ya yi rara, aka ƙiyasta zai kai ta kusan shekara 20, ninkin abin da aka yi fata tun farko. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji masu iya magana, kuma a nan haƙurin mako guda ya sayi shekaru.

Amma taka-tsantsan ɗin ba kullum yake kama kuskure ba. A Janairun 2018 an shigar wa na'urar da ke nuna wa Ariane 5 alƙibla digiri 90 maimakon 70, ba wanda ya lura har ta tashi, taurarin SES-14 da Al Yah 3 suka sauka a karkatacciyar hanya, sai da suka ƙona nasu man kafin su isa mazauninsu. A Nuwamban 2020 kuma rokar Vega ta salwanta da taurari biyu, na Sifaniya da na Faransa, saboda an musanya wayoyi biyu a sashenta na sama tun wajen haɗawa. Dukkansu aikin hannun mutum ne da ya wuce ta gaban masu dubawa, shi ya sa nake ganin mai tauraro bai kamata ya sallama komai ba, gara injiniyoyinsa su nemi ganin alƙaluman tafiyar da idonsu kafin a sa hannu.

Batun lokaci ya fi wannan ciwo. Ariane 5 ta saba ɗaukar taurari biyu a tafiya ɗaya domin a raba kuɗi, wanda yake nufin idan na abokin tafiyarka bai shirya ba, kai ma zama ya kama ka. A 2017 yajin aiki da zanga-zangar mazauna yankin sun toshe hanyoyi, harbawar da aka shirya yi a Maris sai a Mayu ta yiwu. Mafi muni, Rasha ta janye rokarta Soyuz daga Kourou a 2022, Ariane 5 ta yi tafiyarta ta ƙarshe a Yulin 2023, magajiyarta Ariane 6 kuma ba ta tashi ba sai 9 ga Yulin 2024. A wannan tsakanin hatta na'urar Euclid ta hukumar sararin samaniyar Turai sai a Fulorida aka harba ta da rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, wanda yake dawo da sashen farko na rokarsa ya sake amfani da shi, abin da Ariane 6 ba ta yi.

An dai sauya tsarin aiki domin rage jira. Ana haɗa gangar jikin Ariane 6 a kwance, sannan a tsayar da ita a filin harbawa cikin wani gini mai tsawon mita 90 da ke tafiya a kan dogo, a nan ake ɗora mata tauraro a cikin kwansonsa, sai ana saura sa'o'i kaɗan a janye ginin baya a fara ɗura ruwan haidurojin da na oksijin. Ga mai tauraro mai tsada da ba a iya maye gurbinsa, har yanzu Kourou zan nuna masa. Wanda kuma kasuwancinsa ya rataya a kan wata ƙayyadajjiyar rana, ya tabbatar an rubuta masa a cikin yarjejeniya abin da zai biyo baya idan ranar ta wuce tauraronsa yana zaune a ɗakin ajiya.