Sau uku na biya ɗan damfara kuɗin abin da ake bayarwa kyauta

Jama'a a yi haƙuri da tsawon rubutun nan, raina a ɓace yake. Kwana huɗu ke nan ina rubutawa ina gogewa saboda kunya. Amma jiya na sake ganin mutumin da sabon suna da sabon hoto, yana yi wa wani bawan Allah irin maganar da ya yi mini, ko kalma ɗaya bai canza ba. Shi ya sa na ce ko za a yi mini dariya sai na faɗa.

Sau uku na tura masa kuɗi. Sau uku. Na farko cikakken kuɗin da ya yanka, na biyu rabinsa, na uku kuma cikakke. Ku lissafa da kanku, ninki biyu da rabi ke nan na abin da muka yi ciniki a kai tun farko. Kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa don buga takardu da sayen data na neman aiki ne, ba wani rarar kuɗi ba. Duk a kan me? A kan manhajar da zan rubuta takardar neman aiki da CV. Rubutu kawai.

Kafin wani ya zo ya ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala, bari in faɗi yadda abin ya faru. Kwamfutar da nake amfani da ita ta hannu ce, kuma da Word a kanta na saye ta. Wata rana na buɗe, sai ga jan layi a sama wai manhajar ba ta da lasisi. Takarduna suna buɗewa, ina iya karantawa, amma ko waƙafi ba na iya ƙarawa. Na ce to bari in koma WordPad kamar yadda muke yi a da. Na neme shi sama da ƙasa babu, ashe tun 2024 aka cire shi daga sabon Windows 11. Ga sanarwar aiki na gani wadda ta dace da karatuna, an ba da wata guda a tura takardu. Na duba farashin Microsoft 365 na gaskiya, wato kunshin manhajojin da Word yake ciki, na ga biya ake yi duk wata ko duk shekara, ni kuwa ba albashi. Sai na yi tambaya a wani zaure na masu neman aiki ko akwai wanda ya san hanya mai sauƙi. Wannan ne kaɗai laifina, tambaya.

Ko minti goma ba a yi ba ya biyo ni ta saƙo. Sallama cikakkiya, gaisuwa, har da addu'ar Allah ya sa a dace da aikin. Ya ce shi dillali ne mai izini, yana sayen lasisi da yawa a sari shi ya sa nasa yake da araha, kuma biya ɗaya ne har abada. Na ce masa, Malam, ni fa ina tsoron irin waɗannan abubuwan na intanet. Ku ji abin da ya ce mini: "Yallaɓai, kada ka ba ni ko kwabo sai ka ga yana aiki da idonka."

Wannan maganar ce ta kashe ni. Kada ka ba ni ko kwabo sai ka ga yana aiki. Har yanzu in na kwanta ita nake ji. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wane ɗan damfara ne yake cewa kada a biya shi? Ni abin da na sani, ɓarawo kuɗi yake fara nema. Wannan kuwa kaya ya fara miƙo mini. Ya turo suna da kalmar sirri, na shiga, Word ya buɗe, jan layin nan ya ɓace, na rubuta sunana na goge na sake rubutawa don in tabbatar. Yana aiki. Sannan na biya. To ina wautar take a nan? Ni ba yaro ba ne, na yi karatu, na sha hana mutane danna saƙonnin nan na wai ka ci kyauta. Har mahaifiyarmu ni nake duba mata waya in ce wannan ƙarya ne, goge shi.

Abin da ban lura da shi ba, ko in ce na lura na kawar da kai, shi ne sunan da ya ba ni ba nawa ba ne. Wasu haruffa ne da lambobi, a ƙarshe kuma sunan wata makaranta da ban taɓa ji ba. Na tambaye shi, wallahi na tambaya, yana nan cikin hirarmu. Ya ce ai haka na sari suke zuwa. Daga baya ne mai gyaran kwamfuta ya yi mini bayani: irin asusun da makarantu da kamfanoni suke buɗe wa ɗalibansu da ma'aikatansu ne. Wani ne yake riƙe da ragamarsa, shi yake buɗewa, shi yake rufewa, shi yake canza kalmar sirri duk lokacin da ya ga dama, kuma yana iya kaiwa ga abin da ka ajiye a ciki. Wato ba sayar mini ya yi ba, ɗaki ya ba ni aro a gidan da ba nasa ba, makulli kuma yana aljihunsa. Kuma babu wani abu wai shi Microsoft 365 na har abada. Wanda ake biya sau ɗaya daban ne, kamar Office 2021 ko Office 2024, shi ma a asusunka na kanka ake ɗaura shi.

Na tsallake wani abu. Kwana 19 ya yi yana aiki lafiya lau. Kwana 19. A cikinsu har tuntuɓata yake yi, Yallaɓai ya aiki, komai lafiya? Har na tura wa abokina lambarsa, Allah ya taimake shi ba shi da kuɗi a lokacin. A cikin kwanakin nan na rubuta takardar neman aikin, na gyara CV ɗina tsaf, kuma duk abin da na rubuta yana tafiya kai tsaye cikin ma'ajiyar asusun nan, don kuwa haka manhajar take ajiyewa da kanta. Ni har daɗi nake ji wai ko kwamfuta ta lalace takarduna suna nan. Na ɗora hoton takardar shaidar kammala karatuna. Na ɗora hoton katin shaidata. Na ɗora ƙaramin hotona na fasfo. CV kuwa kun san abin da ke ciki: cikakken suna, ranar haihuwa, lambar waya, adireshi, sunayen mutum biyu da suka yarda su tsaya mini da lambobinsu. Duk na kwasa da hannuna na zuba masa.

Ranar Laraba da dare, saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, na zo shiga aka ce kalmar sirri ba daidai ba ce. Na sake, na sake. Na kira shi, ya ɗauka nan take, har da salati. Ya ce kamfani ne yake tantance asusu, sai an biya kuɗin sabunta rajista, rabin na farko, kuma za a dawo mini da shi. Na tura. Na san za ku ce a nan ya kamata in farka. Ku sa kanku a matsayina: takardata tana ciki, saura kwana biyu, kuma mutumin nan kwana 19 bai yi mini ƙarya ba. Ko in ce ban kama shi ba.

A'a, na manta, kafin in tura na biyun sai da ya turo mini saƙon murya yana rantsuwa, ina da shi. Bayan na tura ne ya ce asusun ya ƙi buɗuwa, amma zai ba ni abin da ya fi shi, lambar lasisi ta Office 2019, haruffa da lambobi 25 ɗin nan da ake rabawa biyar-biyar. Na shigar, aka ce an riga an yi amfani da ita. Ya turo wata, ita ma haka. Office 2019 ɗin ma ashe tun 14 ga Oktoba 2025 aka daina yi masa sabuntawar tsaro, shi da na 2016. Ko da lambar ta yi aiki, tsohon kaya zai liƙa mini.

Na uku shi ne wanda ba na son tunawa. Ranar Alhamis ya ce matsalar daga kwamfutata ce, in sauke wata manhaja da zai shiga daga inda yake ya gyara mini da kansa, amma aikin injiniya ne, sai na biya cikakken kuɗi kamar na farko. Na ranta na tura. Ranta na yi, jama'a. Ina zaune ina kallon kibiyar linzamin kwamfutata tana yawo ita kaɗai a kan allo. Ya kashe manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta a gabana, ya ce tana hana aiki. Ya buɗe wani baƙin allo, rubutu yana ta gudu. Word ya dawo. Na ce to takarduna fa? Ya ce gobe da safe in sha Allahu. Da safe hotonsa ya ɓace, saƙona ba ya shiga, lambar a kashe. Ya yi layar zana da kuɗina ninki biyu da rabi, da takarduna duka.

Mai gyaran ya ce abin da ya saka mini satar hanya ce, ana yaudarar manhajar ta ɗauka tana cikin kwamfutocin wani babban kamfani, irin kunnawar da take ƙarewa bayan kwana 180 in ba a sabunta ba. Kuma ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da ya biyo ta. Sai da aka wanke kwamfutar gaba ɗaya aka sake ɗora Windows. Wannan ma wani kuɗin ne, ban ma sa shi cikin lissafi ba.

Yanzu ga inda kunyar take. Ranar Juma'ar nan ina zaune na haɗa kai da gwiwa, ƙanwata ta shigo ta ce, Yaya lafiya? Na ba ta labari sama-sama, ban faɗi sau uku ba, na ce sau ɗaya. Ta dube ni ta ce, "Yaya, to me ya hana ka sauke LibreOffice?" Na ce mene ne kuma haka? Yarinyar da ni na koya mata kunna kwamfuta. Ta ɗauko tata ta nuna mini. Kyauta ne, ba na gwaji ba, ba na sata ba, wata gidauniya ce mai suna The Document Foundation take kula da shi tun 2010. Ɓangaren rubutunsa ana ce masa Writer, yana buɗe fayil ɗin Word, yana ajiyewa a docx, wato tsarin fayil ɗin Word, yana mayar da takarda PDF da dannawa ɗaya, kuma ba ya buƙatar intanet bayan ka sauke shi. Ta ce ko shi ba ka so, ai kana da Gmail, Google Docs yana nan a ciki kyauta. Ta ce Word ɗin ma da kake ta wahala a kansa, akwai na burauza kyauta, asusun Microsoft kawai za ka buɗe da sunanka. Word ɗin kansa! Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na yi wata biyu ina tara kuɗi, na biya sau uku, na ci bashi, a kan abin da ke zaune cikin wayata tun ranar da na buɗe imel.

A kwamfutarta na sake rubuta takardar daga farko, abin da na iya tunawa, cikin awa uku, na tura saura minti 40 a rufe. Ba ta kai ta farkon kyau ba, na sani. Ta farkon kwana 19 na yi ina gyara ta.

Kuma kada wanda ya ce mini ai araha ba ta ado. Ba arahar ce ta ja ni ba. Da ya ce in fara biya, wallahi da ban biya ba. Cewa ya yi kada ka ba ni ko kwabo sai ka ga yana aiki, kuma na ga yana aiki. Wa zai gani da idonsa ya ƙi yarda?

Hotunan hirarmu duka suna nan, da rasit uku, da saƙon muryar da yake rantsuwa. Zan saka su da zarar na gama rufe bayanaina da ke jiki, don wasu wuraren sunana da lambata sun fito. Na kai ƙara inda ya kamata, an ce in jira.

Shawara kuwa gajeriya ce. In an ba ka asusun da ba sunanka ba, kada ka karɓa, balle ka ajiye takardunka a ciki. In an ce Microsoft 365 na har abada, ƙarya ne. Kada ka bari kowa ya shiga kwamfutarka daga nesa, kuma duk wanda ya ce ka kashe manhajar kariya ka rabu da shi. Takardar neman aiki LibreOffice ko Google Docs sun ishe ka, ka sauke daga shafinsu na asali, ka tura a PDF sai in an ce docx ake so.

Kuɗin ma na fara haƙura da su, ko da yake bashin na ukun yana kaina. Abin da ke hana ni barci shi ne katin shaidata da takardar karatuna suna hannunsa. Na canza duk kalmomin sirrina, na sanar da banki. Shekaranjiya sai da na kira mutum biyun nan da suka tsaya mini a CV, ɗaya malamina ne da nake jin nauyinsa ƙwarai, na ce Malam, in wani ya kira ka da sunana yana neman kuɗi, ba ni ba ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, me ya faru? Ban iya gaya masa sau uku ba ne. Shi ma sau ɗaya na ce masa.