Optimist: ƙaramin jirgin ruwa na yara, da yadda zai kaya a ruwan Kaduna

Duk wanda ya kalli gasar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ta yara a Turai ko Amurka, galibi Optimist ya gani. Clark Mills ne ya zana shi a 1947 a jihar Fulorida, kuma har gobe da shi yara 'yan ƙasa da shekara 16 ke fafatawa. Tsawonsa kusan mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da ɗan ɗori, nauyin gangar jikinsa kilo 35. Mutum biyu za su ɗora shi a saman mota su ɗaure. Gabansa a datse yake kamar baho, faɗinsa kuma ya sa ba ya saurin kifewa, yaro ɗan shekara takwas zai iya da shi.

Aibinsa ɗaya ne babba: ruwan da ya shiga ba ya fita da kansa. Idan ya kife aka miƙe da shi, cike yake tashi, sai an kwashe. Galan da aka yanke, a ɗaure shi da igiya a jikin jirgin, ya wadatar. Abin da ke hana shi nutsewa jakunkunan iska ne guda uku, biyu a gefe, ɗaya a baya. A nan zafin garinmu ke shigowa. Jakar da aka hura tam da sanyin safiya za ta kumbura da azahar har ta fashe ta wajen haɗi, don haka a bar mata ɗan laushi, a kuma duba maɗauranta kafin a sauka ruwa.

Wuri na biyu da ake asara shi ne gindin doguwar sandar da ke riƙe ƙyallen iska. Idan ba a kulle ta ba, jirgin na kifewa sai ta zame daga mazauninta, ta tsage allon da ta ratsa. Gyaran faiba, wadda ake ƙera jikin jirgin da ita, a wannan wuri ba ya komawa kamar da. Sandar tokare kuma, wadda ke ɗaga kusurwar ƙyallen ta sama, ita ce ke nuna gwani: in ta yi sako-sako za a ga ƙyallen ya tattare daga wuyansa, wato kusurwar sama da ke jikin doguwar sandar, zuwa kusurwar baya ta ƙasa, in an ja ta da yawa tattarewar ta koma daga ƙololuwa zuwa kusurwar gaba ta ƙasa. Ƙyallen ba ya son rana, a naɗe shi a inuwa.

Sai maganar lokaci. Turawa sun fi yin gasarsu daga Yuni zuwa Agusta, lokacin zafinsu. Mu kuwa tsakiyar damina ce: kogin Kaduna ya cika ya batse, ruwan na gudu fiye da ƙarfin wannan ɗan jirgi, ga hadari mai tasowa da guguwa ba sallama. Da rani kuma duwatsu ne a fili, allon da ake zurawa cikin ruwa ta ƙarƙashin jirgin zai daki dutse ya dare. Ruwa mai kwanciya irin na dam ɗin Kangimi, a watannin hunturu da iska ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ya fi dacewa, bayan an nemi izinin masu kula da wurin. A tuna da tsargiya a irin wannan ruwa, a rage wa yara dagwalo a bakin gaɓa.

Rigar ceto daidai jikin yaro, igiyar ja ta mita 8 a gaban jirgin, da babba a kwale-kwalen inji kusa, waɗannan ba zaɓi ba ne. Kayan gyara kuwa ba a Kasuwar Barci za a same su ba, a yo odarsu tare da jirgin. Yaron da ya haura kilo 55 ya yi masa nauyi, sai a duba ILCA 4, wani jirgin matasa da ya fi shi girma.