Ƙunshin haɗa sabulun ruwa na kasuwar Garwa: arha ne, amma na wanke-wanke ne

A shagunan sayar da kemikal na babbar kasuwar Garwa, haka ma a Marwa da Kusiri, duk a arewacin Kamaru, idan ka ce kana son haɗa sabulun ruwa, ƙunshi guda za a miƙo maka a leda. A ciki akwai Texapon mai kama da farin man shafawa, da salfonik mai duhu da danƙo kamar zuma, da soda (kostik soda, mai cin fata), da garin kauri Natrosol ko CMC, sai 'yar kwalbar kala da ta turare. Wasu kan ƙara fomalin, don kada sabulun ya lalace. Ƙunshin yana yin abin da aka ce zai yi, kumfa har ta cika bokiti, kuma maiƙon tukunya ba ya tsaya masa. Sai dai wanda ya saye shi don wanke hannun iyali ya sayi abin da ba nasa ba.

Matsalar tana wajen salfonik da soda. Salfonik asid ne mai ƙarfi, soda ce ke kashe kaifinsa, kuma kilo 1 na salfonik yana buƙatar kimanin giram 130 na soda. A shagon kuwa da gwangwani ko ludayi ake awo, ba da sikeli ba. Idan sodar ta yi yawa, ragowarta tana nan cikin sabulun tana cin fata. Idan ta gaza, asid ɗin ne zai yi ɓarnar. Ko an dace awon ya yi daidai, haɗin yana kwashe maiƙon fata gaba ɗaya. A lokacin hunturu, da iskar nan ta Disamba da Janairu, mako ɗaya ya isa bayan hannu ya yi furu-furu, tsakanin yatsu ya fara tsagewa. Fomalin kuma a bar musu abinsu. Hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin masu haddasa kansa, ga shi yana jawo ƙaiƙayi.

Abin yabo a shagunan shi ne suna sayarwa ɗaiɗai idan ka nema, kuma Texapon ɗinsu, wanda aka rubuta N70 a jikin duro, kaya ne mai kyau. Kashi 70 cikin 100 na nauyinsa sinadarin wanki ne, shi ya sa kilo 1 ke ba da lita 8 na sabulun hannu mai kumfa. Duba shi kafin a ƙulle leda: mai kyau yana tsayawa a kan cokali, wanda aka tsarma da ruwa yana zuba kamar kunu. Don haɗa sabulun hannu, ka bar ƙunshin, tare da kilon Texapon ka karɓi gilisarin mililita 160, sodiyam benzowet giram 40, garin sitirik asid giram 30, turare mililita 25, da takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami. Idan akwai betayin, ƙara mililita 300, yana rage zafin Texapon a fata kuma yana taimaka wa kauri. Ba kowane shago ke ajiye shi ba. Gishiri na gida ne, giram 150 zuwa 280.

Ruwa lita 6 da rabi za a tafasa a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ko na famfo ne ko na burtsatse. Ruwan randa da ya kwana a buɗe shi ne ke sa sabulu wari bayan 'yan makonni. A zuba lita 6 a bokitin roba, a riƙa sa Texapon kaɗan-kaɗan ana juyawa a hankali da muciya mai tsabta. A nan mutane da yawa ke kuskure. Idan aka zuba ruwa kaɗan a kan Texapon mai yawa, sai ya ƙulle ya zama gudaji masu tauri kamar ƙaro, a yi ta tuƙi ba su narkewa. Idan hakan ta faru kada a zubar, a rufe bokitin ya kwana, da safe ya saki. Juyawa da ƙarfi kuma kumfa kawai take tarawa.

Bayan ya narke sai a sa benzowet da aka narkar a ɗan ruwa, sannan gilisarin, betayin, turare da ɗigon kala. Daga nan a riƙa ɗiga sitirik da aka narkar a ɗan ruwa ana gwadawa da takarda har pH ya sauko kusan 5. Wannan matakin ba ado ba ne. Benzowet ba ya hana ƙwayoyin cuta sai a cikin abu mai ɗan tsami, idan pH ya kai 7 kamar ba a sa shi ba. Fatar mutum ma tsaminta kusan 5 da rabi ne. Takardar gwajin ita ce raunin shagunan, don sau da yawa ba su da ita, sai an leƙa wajen masu kayan asibiti.

Gishiri shi ne na ƙarshe, a narkar da shi a sauran rabin litar. A zuba rabi, a juya, a jira minti 5, a duba. Kauri yana hawa da gishiri har wani matsayi, daga nan ƙari kaɗan sai ya tsinke ya koma ruwa, ya yi hazo. Gyaransa ɗaya ne, a haɗa wani ba gishiri a gauraya su. A lura da yanayi ma: sabulun da ya yi kauri a sanyin Ngaundare zai saki a zafin Garwa na Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Ba lalacewa ya yi ba, kada a bi shi da gishiri. Turare mai mai da yawa shi ma yana tsinka shi, shi ya sa ake sa shi kafin gishiri. Natrosol ba a buƙatarsa a wannan haɗin.

Batun tsimi, lita 8 kwalba 16 ce ta rabin lita. Tara sefar da ka kashe ka raba gida 16, ka kwatanta da kwalba ɗaya a kanti, bambancin ba ƙarami ba ne. Abin da ke cinye ribar shi ne kwalba mai famfo da sikelin giram, don haka a riƙe tsofaffin kwalabe, a wanke su, su bushe sarai kafin a cika. Gida mai mutane kaɗan ya raba awon biyu ya yi lita 4, a ajiye a jarka mai murfi a inuwa, a ƙarar cikin wata 3. Makaranta, gidan abinci ko masallaci su ne za su ci moriyar cikakken awon. A rubuta suna a jikin jarkar, musamman idan kalar ja ce ko ruwan lemo, kada yaro ya ɗauka abin sha ne.