Asusun kasuwanci na Moniepoint: zai hana mai shago cin uwar kuɗinsa?

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da wuya ka ratsa Kantin Kwari ko kasuwar Singa a Kano ba ka ga shuɗiyar na'urar POS ta Moniepoint a kan kanta ba. Saurin karɓar kuɗinta sananne ne. Abin dubawa a nan shi ne ko tana da amfani ga mai shagon da shi da kansa yake yi wa jarinsa zagon ƙasa.

Shaguna da yawa ba ɓarawo ne ya karya su ba, hannun mai su ne. A ce shagon kayan masarufi yana cinikin naira 80,000 a rana, ribarsa kashi 10 cikin 100, wato 8,000. Da safe an zari 4,000 na cefane, 2,000 na man babur, 1,000 na katin waya. Da la'asar an kawo katin ɗaurin auren aboki, an tura 5,000. An kashe 12,000 ke nan, 4,000 daga ciki uwar kuɗi ce. In aka jera wata guda a haka, 120,000 ta salwanta. Ba a ganewa sai ranar sari, lokacin da kwali goma ya koma bakwai, a ɗora laifin a kan tsadar kaya.

A nan asusun yake da rana. Duk abin da ya shigo ta kati ko taransifa yana rubuce da ranarsa da lokacinsa, abin da ya fita ma haka, kuma kana iya sauke bayanin wata guda ka zauna da biro ka bi shi layi-layi. Yawancin masu cewa "ni ba na taɓa kuɗin shago" a wannan takardar suke kama kansu. Sannan tunda na'urar kan nuna taransifar da ta shigo, yaron shago ba shi da hujjar sakin kaya a kan alat na bogi da aka nuna masa a waya.

Wajen buɗewa ana neman BVN da NIN, kuma tun 2024 hukumomi suka matsa wa masu POS su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Moniepoint bankin maikirofainans ne mai lasisin CBN, inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya karye, a irin waɗannan bankuna kuwa ta tsaya a naira miliyan 2 ga kowane mai ajiya. Wanda jarinsa ya zarce haka kada ya jibge shi duka a wuri ɗaya.

Yadda zai yi maka aiki: asusun kasuwanci daban, na kanka daban. Ka ƙirga kayan shago a farashin sari, ka haɗa da kuɗin da ke hannu, wannan ne jarinka, rubuta shi. Ka bi cinikin mako huɗu ka fitar da riba, sannan ka yanka wa kanka albashin da bai wuce rabinta ba, ka riƙa tura shi sau ɗaya a mako, misali ranar Alhamis. Cefane, anko, gudummawar biki, duk daga can za su fito. Katin cirar kuɗi na asusun shago kuma ya kwana a gida, domin in yana aljihu sai an yi amfani da shi. Ka saka caji a lissafi, har da naira 50 ta gwamnati a kan taransifar 10,000 zuwa sama.

Inda ya gaza kuma a bayyane yake. Tsabar kuɗin da ke cikin durowa ba ta shiga bayanin asusu, alhali ita hannu ya fi saurin kaiwa. Sai dai a ƙirga ta kullum bayan an tashi, a rubuta, a zuba ta a asusu washegari. Haka bashi. Ƙani ya shigo ya ce, "Yaya, a ba ni rabin buhun shinkafa zuwa ƙarshen wata," kunya ta hana a ce a'a, ta kuma hana a rubuta. Na'ura ba ta san an yi ba. Dole a ajiye littafin bashi mai suna, kwanan wata, adadi da ranar biya, a kuma sa iyaka: jimillar bashin da ke waje kada ta haura ribar wata ɗaya. Sauƙin tura kuɗi ma kaifi biyu gare shi, don abin da a da sai ka je banki, yanzu daga kan gado ake yinsa.

Abin da ya fi buƙatar taka tsantsan shi ne rancen jari da Moniepoint ke ba 'yan kasuwa bisa yawan cinikin da ke ratsa asusunsu. Yawan ciniki ba riba ba ne, kuma rancen yana da kuɗin ruwa. Mai shagon da ramin 4,000 yake buɗe a ƙasansa, in ya karɓa, ramin zai ci rancen, biya kuma ya hau kan ragowar jari. A toshe ramin tukuna na wata uku a jere. Wanda ke gudun ruwa saboda addini, ya tuntuɓi bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJBank a kan murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar masa a kan farashin da aka yanke tun farko.