Ƙaramin jirgin lambu da taraktar tururi: wanne za a kai jikoki su gani?

Baba Alhaji, barkanku da war haka. Tun daren jiya na ga tambayarku, na bari gari ya waye don in amsa a natse. Kun ce a watan Yuli za ku je Birmingham wajen 'yarku, Asabar ɗaya tak kuke da ita ta fita da jikoki, kuma surukinku ya turo muku hotuna biyu: wani ɗan mitsitsin jirgin ƙasa yana ratsa lambu, da wani ƙaton inji mai ƙafafun ƙarfe yana tuƙa hayaƙi a fili. Kuka ce shin ba abu ɗaya ba ne, tunda duk kwal suke ci? In kuma daban ne, wanne ya fi?

Na ga duka biyun lokacin da nake karatu a Leicester. Ta wajen ciki kam, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: a hura kwal, ruwa ya tafasa a tukunya, tururi ya tura fistin, fistin ya juya ƙafa. Amma kama da wane ba ta wane. Ɗaya a kan dogo aka haife shi, ba ya iya taka ko taku ɗaya a wajensa. Ɗayan kuwa, wanda zan kira taraktar tururi, duk inda ƙasa za ta iya ɗaukar nauyinsa nan ne hanyarsa. Duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Bari in fara da jirgin, don shi na fara gani. Akwai wani ƙauye yamma da Leicester, kusa da Market Bosworth, ana ce masa Cadeby. Limamin cocin ƙauyen, Teddy Boston, mutum ne da son injin tururi ya shiga jininsa. Ya sayo wani ɗan kan jirgi mai suna Pixie, ƙirar kamfanin Bagnall ta 1919, wanda ya gama wahalar jan dutsen tama a mahaƙa, ya shimfiɗa masa dogo mai faɗin ƙafa 2 a lambun gidansa, ya buɗe a 1963. Tsawon layin duka bai cika yadi 100 ba. Ni ban tarar da shi ba, ya rasu tun 1986, matarsa da abokansa ne suka ci gaba da buɗe wurin lokaci-lokaci. Ranar da na je, dariya ta fara kama ni. Na ce a raina, wannan ai kafin ka gyara zama an iso. Amma da direba ya ja usur, tarago ya yi girgiza, ƙanshin kwal da man inji mai zafi ya bugi hancina, muka kutsa cikin bishiyoyi rassa na shafar hulata, sai na ga dattijon da ke gefena ya rufe ido yana murmushi shi kaɗai. Sau huɗu na sake hawa.

Wannan al'ada ta jirgi a lambu ta girmi Boston nesa ba kusa ba. Wani attajiri, Sir Arthur Heywood, ya shimfiɗa layi mai faɗin inci 15 a gidansa na Duffield Bank tun 1874, kuma shi ba wasa ya ɗauke shi ba. So yake ya nuna cewa wannan ne mafi ƙanƙantar dogon da zai iya aikin gaske, ya ɗauki kwal da katako da mutane a manyan gonaki. Bai sami masu saye da yawa ba, amma ɗaya daga cikin injinan da ya ƙera a 1894, bayan gyare-gyare, yana jan fasinja a layin Ravenglass da Eskdale mai mil 7, da sunan River Irt.

Sai dai a rarrabe, Baba. Akwai jirgin lambu irin wannan na sha'awar mutum ɗaya, akwai kuma siririn dogo na neman abinci, wanda aka gina don ya fi araha kuma yana iya shan kwana a cikin duwatsu inda babban dogo ba zai iya ba. Don ku auna: na Abuja zuwa Kaduna faɗinsa ƙafa 4 da inci 8 da rabi, tsohon na Legas zuwa Kano ƙafa 3 da rabi, na Talyllyn a yankin Wales kuwa ƙafa 2 da inci 3 ne kacal, an gina shi a 1865 don sauko da faifan dutsen da suke rufin ɗaki da shi.

Ita taraktar tururi ba ta taɓa sanin fasinja ba. Baiwar gona ce da titi. Da farko injin tururin gona ba ya tafiya da kansa, dawakai ke jansa daga gona zuwa gona. A 1859 Thomas Aveling ya haɗa masa sarƙa zuwa ƙafafun baya, ya tashi da ƙafarsa. Daga nan suka rabu gida-gida. Akwai ta sussuka, wadda ke zuwa gona bayan girbi ta tsaya, a ɗaura dogon bel daga babban gargaren da ke gefenta zuwa injin sussukar alkama. Akwai rola mai danne titi, wadda kamfanin Aveling da Porter na Rochester ya yi suna a kanta. Akwai ta masu wasan lilo a kasuwar baje koli, irin ta kamfanin Burrell na garin Thetford, mai rumfa tun daga gaba har baya, da tagulla tana ƙyalli, da janareto a goshi. Wannan ita ce amaryar cikinsu, kuma na fi zaton ita ce a hotonku in kun ga ƙwayayen fitila a jikinta.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta huɗa, ƙirar John Fowler na Leeds. Nauyinta ya yi yawa, in ta shiga gona za ta daɓe ƙasa ta zama kamar tsakar gida. Sai suka yi dabara: a ajiye ɗaya a wannan bakin gona, ɗaya a wancan, kowacce da nadin igiyar ƙarfe a ƙarƙashin tukunyarta. Garma na tsakiya, wannan ta jawo ta, waccan ta mayar, su kuma suna matsawa gaba kaɗan-kaɗan. Da usur direbobin ke magana da juna. Na tsaya kallon wannan fiye da awa guda a wani taron injina a gonar wani manomi, har tartsatsi ya huda mini hannun sabuwar shadda ban sani ba sai da na koma gida. Laifina ne, wa ya aike ni wajen maƙera da kayan Juma'a?

A tuƙi ma hannun riga ne. Direban jirgi ba shi da sitiyari, dogo ne ke kai shi, aikinsa lura da tururi da birki da sigina. Mai tarakta kuwa yakan so mataimaki, ɗaya na kula da wuta da ruwa da giya, ɗaya na murza sitiyarin da sarƙa ke ja, sai ya juya shi ya juya kafin ƙafafun gaba su ji kira. Tafiyarta ta gona ba ta fi ta mai sauri da ƙafa ba. Hukuma ma ba ta so ta yi sauri: dokar Birtaniya ta 1865 ta ƙayyade mil 4 a awa a karkara, mil 2 a cikin gari, kuma sai wani ya yi gaba da jar tuta yana gargaɗin masu dawakai.

Abin da ya kashe ƙaramin jirgi da taraktar tururi ɗaya ne, wato mota da tarakta mai shan mai, ga kuma haraji mai nauyi da aka ɗora wa manyan injinan titi a shekarun 1930. Kusan tare kuma aka fara ceto su, amma dubi yadda aka yi. A 1950 wani manomi, Arthur Napper, ya yi tseren tarakta da wani abokinsa a ƙauyen Appleford, a kan caca ta 'yar gangar giya. Allah Ya shirya, amma daga wannan wasan ne tarukan injinan tururi suka samo asali, har aka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 1954. Mutum ɗaya, inji ɗaya, rumfa ɗaya a bayan gida. A shekarar ta 1950 kuma mai layin Talyllyn, Sir Henry Haydn Jones, ya rasu, layin na shirin mutuwa tare da shi. Wani marubuci injiniya, Tom Rolt, ya kira taro, kuma a Birmingham ɗin da za ku aka yi shi. Suka kafa ƙungiya, a watan Mayun 1951 jirgi ya tashi a hannun 'yan sa-kai, karo na farko a duniya. Dogo ba ya cetuwa a hannun mutum ɗaya. Sai an sami mai canza katakon ƙarƙashin dogo, da mai sare ciyawa, da mai sayar da tikiti, da mai gyaran gada. Aikin gayya ne wanda ba a tashi daga shi.

Nan ne nake ganin ainihin bambancin. Tarakta dukiya ce irin ta doki: mai ita ya mutu, magada su sayar, ta koma wani gari ta ci gaba da numfashi. Layin dogo kuwa gona ne, da ƙasar yake. Na Cadeby an rufe shi a 2005, aka kwashe kayan zuwa wasu wurare. Injin ana iya adana shi a ko'ina, amma wancan lanƙwasa ta cikin bishiyoyi ta tafi ke nan. Shi ya sa in ka hau ƙaramin jirgi wuri kake ziyarta, da tsauninsa da tasharsa. In ka je taron taraktoci, injinan ne baƙi kamar kai, ranar Litinin fili ya koma makiyayar tumaki.

Ku kun fi ni sanin wannan, tunda kun ce mahaifinku ya yi aikin reluwe a Zariya. Ƙaramin jirgin nan da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos da Bukuru, don kwaso kuza, faɗin dogonsa ƙafa 2 da rabi ne. Ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, mil 143. Sunan Bauchi ya ɗauka alhali bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Da babban layi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, aka rufe shi a 1957. Abin da ya rage na gani da ido shi ne kawunan jirgin da aka ajiye a gidan tarihi na Jos, a tsaye, ba wuta ba ruwa.

To ga inda zan kai ku. Daga Birmingham akwai jirgi da ke bi ta Shrewsbury zuwa Welshpool. A can akwai layin Welshpool da Llanfair, mil 8, an buɗe shi a 1903, aka rufe a 1956, 'yan sa-kai suka farfaɗo da shi a 1963. Faɗin dogonsa ƙafa 2 da rabi, daidai da na Zariya zuwa Jos, ba ƙari ba ragi. Har ma da ƙanshin gida a wurin, don a 1975 sun sayo kan jirgi mai lamba 85, ƙirar Hunslet ta 1954, tare da taragu, daga Saliyo bayan an rufe layin can. Ba lambu ba ne, gonaki ne da tuddai, amma a ganina ya fi lambun dacewa da ku. Za ku zauna a tarago ku nuna wa jikoki ku ce, irin wannan mahaifina ya yi wa hidima. Tarakta ba za ta ba ku wannan ba.

Kada ku ce na yi son kai. In da ku kaɗai ne, ko da wani tsohon makanike, da taron taraktoci zan ce, don a can ana tsayawa dab da inji, a ga komai a fili yana motsi, mai shi kuma yana tsaye da tsumma a hannu, ka yi masa tambaya ɗaya ya ba ka amsa goma. Amma yini ne na tsayuwa da yawo a fili, in an yi ruwa ga taɓo har idon sawu, ga hayaniya, yara kuma kallo kawai za su yi. Ga shi ba kullum ake yi ba, sai ƙarshen mako daga wajen Mayu zuwa Satumba, kowane gari da ranarsa. Mafi girmansu ma, na Dorset da aka fara a 1969, an yi na 2022 aka soke na 2023 saboda tsadar shiri. Jirgi kuwa akwai wurin zama, akwai rufi, akwai jadawali. Wanda ke son jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya sai ya nufi Bressingham a Norfolk, inda wani mai renon furanni, Alan Bloom, ya tara taraktoci kuma ya zagaye lambunsa da ƙananan layuka, sai dai ya yi muku nisa a yini ɗaya.

Abu biyu kafin ku tashi. Surukinku ya duba jadawali ya tabbatar injin tururi ne zai ja a ranar, don wani lokaci na dizal suke sawa. Tukunya na shan binciken hukuma a kai a kai, kusan duk shekara goma kuma sai an kwance ta gaba ɗaya, ga kwal ya yi tsada tun da aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales a 2023. Na biyu, tashar ƙaramin jirgin tana ɗaya gefen garin Welshpool, wajen mil guda daga babbar tasha, don haka a nemi tasi saboda gwiwarku. Farar babbar riga kuma a bar ta a Birmingham. Allah Ya kai ku lafiya, Baba, a gaida Hajiya.