Hattara da Masu Sayar da "Maganin Karcen Mota"

Jama'a, duk wanda ya sayi sabuwar mota ko yake shirin saye, ya saurara. Akwai wasu masu talla, a intanet da wuraren ajiye motoci da na wanki, da ke sayar da wani ruwa a 'yar kwalba, wai da an shafa shi karce zai ɓace, kuma fentin ba zai sake karcewa ba shekara da shekaru. Masu sabuwar mota suka fi farauta, don sun san ɗan zane ɗaya a jikin ƙofa ya isa ya hana mutum barci.

Da tsoratarwa suke farawa. Sai a haska maka tocila a kan bonet, ka ga siraran zane-zane suna zagaye hasken, a ce maka ai fentinka ya fara mutuwa. Zanen gaskiya ne, amma yawancinsa daga wanki yake, da tsumma mai ƙura, wani ma tun kafin a miƙa maka makulli. Fentin lafiyarsa lau.

Daga nan sai wasan kwaikwayo. Mutum ya zana layi a jikin mota, ya shafa ruwan, layi ya ɓace nan take. Abin da ba za a gaya maka ba shi ne wannan layin a kan fentin yake zaune, ba a cikinsa ba: kalar zane ta yara ce, ko jan-baki, ko fentin wani abu da ya gogu ya manne. Wasu har wuta suke kunnawa a kan bonet don ka ga ƙarfin kayansu, alhali man da suka zuba ne ke ci na 'yan daƙiƙu, kuma fentin da ba a shafa wa komai ba ma zai jure hakan.

Fentin da kamfani ya yi hawa-hawa ne: na hana tsatsa a jikin ƙarfe, sai faraima, wato shafin share fage, sai kalar motar, sai rufin sama mai garai-garai da ake kira kiliya. Duka a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kusan kaurin takarda ɗaya, kiliyar kuma wajen 35 zuwa 50 ce kawai. Karce rami ne a cikin wannan kiliya, wani abu ne ya fita. Hanyar gyara ta gaskiya biyu ce: ko a goge gefen ramin a rage shi har ya daidaita, ko a sake fesa fenti. Ruwan kwalbar nan ba ya yin ko ɗaya. Yawanci man silikon ne da kaki irin na kyandir, ya cike ramin, haske ya daina karyewa a wurin, ido ya daina gani. Bayan 'yan wanki da zafin rana sai karcen ya dawo yadda yake, mai talla kuwa ya daina ɗaukar waya. Ga kuma wata wahalar a gaba: silikon maƙiyin sabon fenti ne, in ba a wanke shi tas ba, ranar da za a fesa wurin sai fentin ya yi ƙananan ramuka.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai zuwa da injin gogewa da mai mai kaushi, ya ce zai share maka komai cikin minti kaɗan. Eh, karcen zai tafi, amma tare da kiliyarka, musamman a gefuna inda ta fi siranta. Kiliya ba ta tsirowa, kuma ita ke tare wa kalar hasken rana. In ta yi siriri da yawa, sai ka ga mota ta dusashe ta fara ɓarewa. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Sai maganar "9H" da suke rubutawa ɓaro-ɓaro a kwalba, suna cewa ya kusa taurin lu'ulu'u. Wannan ma'aunin taurin fensir ne, ba ma'aunin taurin duwatsu na Mohs ba, wanda a kansa lu'ulu'u yake 10, yashi kuma 7. Shafin siramik na ainihi, wato ruwan kariya da ake shafa wa fenti ya daskare a kansa, yana da amfaninsa, ruwa na zamewa, wanki na sauƙi, amma kaurinsa maikiron ɗaya ne zuwa biyu, ba ya tare makulli ko tsakuwar hanya. Ko fentin da Nissan ta fito da shi a 2005, mai cike kansa da kansa, ƙananan karce kawai yake iya wa.

Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka jiƙa wurin da ruwa. In karcen ya ɓace yana jiƙe, a cikin kiliya ya tsaya, gwanin gogewa zai iya masa. In farcenka yana maƙalewa a ciki, ko kana hango faraima ko ƙarfe, aikin mai fenti ne, kuma kada a jinkirta don tsatsa. Shi kuma mai kwalba, ka ce ya gwada a kan karcen motarka na ainihi, ba wanda ya zana da hannunsa ba, sannan a goge wurin da sifirit don ya cire man da ya cike ramin, a duba cikin rana. Da ka ambaci sifirit za ka ga fuskarsa ta canza. Takardar garantin da yake miƙowa kuwa, ka duba ko da adireshin da za a same shi.

Garantin kamfanin mota a kan fenti yawanci laifin ƙira yake ɗauka, ba karcen da ya faru a hannunka ba. Saboda haka ranar karɓar mota ka zagaya ta da rana tsaka, a bushe, duk zanen da ka gani a rubuta shi a takarda kafin ka sa hannu.